Igiya Uku da Kawu Khiem Ya Yanke

Ku gyara zama in ba ku labarin Kawu Chin Khiem, mai lambun lemo a ƙarshen rafinmu, can ƙasan garin Tra On. Duk wanda ya taɓa tuƙa kwalekwale ya bi ta nan a shekarun baya ya san lambun, don tun daga cikin ruwa ake hango igiyoyi sun ratsa daga wannan bishiya zuwa waccan, kamar bayan gidan mai wanki. Baƙi kan tambaya wane ne wannan mai igiyar shanya da yawa amma ko tsumma babu a kai. Sai mu ce su matsa kusa su duba da kyau. In suka duba sai su ga igiyar tana motsi, ja wur, tururuwa ce ke kai da kawowa.

Chin muke ce masa, wato Tara, ko da yake shi ne na takwas a ɗakin uwarsa, tunda mu ba ma fara ƙirga 'ya'ya daga ɗaya, daga biyu muke farawa. 'Yan'uwansa duk sun watse, wasu yaƙi ya ci, wasu birni ya ɗauke, shi ne ya zauna da tsohonsu har ya rufe masa ido. Gadon da ya samu layi goma sha biyu ne na lemo, kowane layi a kan tudunsa da magudanar ruwa a tsakani, sai tsohon mangwaro ɗaya a yamma, sai kuma jar tururuwa, mai dogayen ƙafafun nan da ke ɗinke ganye ta yi gida a sama. In ka tambaye shi wanne ya fi daraja a cikin ukun, ba ya ko tsayawa tunani. Yakan ce ƙasa kowa na da ita, lemo ana saye a dasa, amma waɗannan tun tsohonsa na saurayi ya kawo kakanninsu a buhu, kuma tun daga ranar ba a taɓa zuba wa lambun magani ba.

Su ne masu gadinsa. Tsutsa mai cin toho, da ƙwaro mai wari da ke huda ɗanyen lemo, da ɗan mitsitsin nan mai kawo ciwon da ke mai da ganye rawaya ya kashe bishiya a tsaye, duk wanda ya sauka sai dai a ga an ɗaga shi sama ana tafiya da shi gida. Shi kuwa Kawu Khiem nasa aikin ya kula da su. Yana ɗaura musu igiya don kada su sauka ƙasa su haɗu da baƙin kiyashi, abokin gabarsu. Da rani, in ƙwari suka yi ƙaranci, yakan rataye musu hanjin kaza ko kan jatan lande a ɓarin kwakwa, kaɗan kaɗan, don ya ce in suka ƙoshi sai su miƙe ƙafa su bar farauta. Ranar tsinkar lemo sai ya shafe hannu da ƙafa da toka ya hau, yana ba su haƙuri kamar wanda ya faɗa ɗakin mutane ba sallama. Lemonsa kuwa sumul, yana sheƙi, ruwa cike. Masu saye daga birnin Can Tho sukan tsallake lambu biyar su ɗaure jirgi a mashigarsa.

Matarsa Goggo Lua daga ƙasar masu shinkafa aka kawo ta, ba ta san lambu ba. Kwana uku da biki ta shiga ta tsinko lemo ɗaya, ta fito a guje tana kaɗe wuya, ta faɗa magudana da kayanta na amarci. Har ta tsufa in tana ba da labarin sai ta ce, "An ce min uwar mijina ta rasu, na ce to ni dai na huta. Ashe surukai dubu goma aka bar min, kowace da bakinta." Amma ta koya, har ta fi shi ido. Shekara arba'in da ɗoriya aljihun rigarta bai rabu da guntun igiya ba. Iska ta tsinke wata, reshe ya faɗo ya yanke wata, kafin ya lura ta ɗaure. Ba ya cewa ta yi, ita ma ba ta cewa ta yi. Haka suke zaune.

Maƙwabcinsa na gabas Nam Quoi ne. Tare suka yi wankan rafi suna yara, tare suke shan kofi da ƙanƙara kowace safiya a rumfar gindin gada. Quoi ne ya fara sayen tankin feshi a unguwarmu, kuma tun daga nan bai bar Khiem ya sha kofi lafiya ba.

"Sarkin tururuwa! Yau me aka dafa wa talakawa?"

"Hanji. In kana so in rataye maka naka, na ga ka rame tun da ka fara shaƙar abin nan."

"Ni ramata ta gayu ce. Kai dubi ƙafarka, kamar an soya ta an manta a kasko. A ce mutum shekara sittin da takwas yana yi wa abin da ake takawa bauta!"

"Kai kuma kana yi wa mai shagon magani. Nawa dai ba su taɓa ƙara min farashi ba."

Sai rumfa ta ɗauki dariya, a sake zuba musu kofi.

A hankali bakin rafin duk ya koma feshi. Wasu baƙi ma suka shigo suna hayar ƙasa, su dasa lemo a matse kamar shinkafa, a fesa kowane mako, a kwashe na shekara uku ko huɗu, su bar wa mai ƙasa busasshen itace su yi gaba. Lambun Khiem ya zama shi kaɗai a tsakiya. Abin da ya karya shi kuwa a ƙarshen ranin bara waccan ya faru. Ɗan Quoi ya karɓi lambun ubansa, ya kawo inji mai tura feshi har ƙololuwar bishiya, ya kunna shi da safe iska na kaɗawa yamma. Ba mugunta ba ce, mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa ɗaga kai ya ga inda iska ta nufa ba. Kafin rana ta raba, igiyoyin layi shida na gabas sun yi fari fat, tururuwa a ƙasa kamar an watsa dakakken barkono. Waɗanda suka tsira suka tattara yamma, kusa da mangwaro, inda gidan uwarsu mai zuba ƙwai yake.

Quoi ya zo da kansa, da kwalbar giyar shinkafa a hannu, ya tsaya a bakin magudana yana sosa ƙeya.

"Chin, ka zage ni mana."

"In zage ka su tashi?"

Quoi ya ajiye kwalbar a gindin lemo ya juya.

Ga damina a bakin ƙofa. Da ruwan farko lemo zai yi sabon toho, kuma tohon nan ɗan mitsitsin ƙwaron ke bi. Layi shida ba mai gadi, in ciwon ya kama guda zai bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ragowar tururuwar kuwa sai sun yi watanni kafin su hayayyafa su rufe lambun. Khiem ya ce zai je wurin ƙanwarsa Ut Mien, autarsu, wadda ke zaune rabin yini a jirgin inji, ya roƙo gidajen tururuwa su riƙe masa gabas kafin nasa su farfaɗo.

Nan Goggo Lua ta ce ba ta san zancen ba. Masu haya sun zo gidan neman lambun har sau biyu, 'yarsu mai aikin ɗinkin takalma a Binh Duong kuma kullum sai ta kira ta ce su huta haka nan.

"Tsoho, gwiwarka ta mutu, idonka ɗaya ya yi yana. Za ka je ka hau bishiyar mutane ka faɗo a kawo min kai a tabarma? Kowa ya bari sai kai?"

"Kowa ba tsohona ne ya haife shi ba."

"To tsohon naka ya tashi ya hau maka! Ni na gaji. Shekara arba'in, in na yanka kaza sai an fara ba su kafin in ɗanɗana. Ka ji ni da kyau, kada ka ƙara yi min zancen tururuwa a gidan nan. Ko sunansu kada in ji."

"Shi ke nan. Ba za ki ji ba."

Ita ta ɗauka ya haƙura da tafiyar. Mu da muka san taurin kansa mun san ba haka ba ne.

Bayan kwana huɗu ya ce zai je gidan auta, ana shirin tuna ranar rasuwar mijinta. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba dukanta ba. Ya kwana can, da sassafe tun tururuwa ba su gama warware jiki ba ya hau da wuƙa da buhuna, Ut Mien tana ƙasa tana riƙe masa tsani tana mita.

"Yaya Tara, ka ɗebi na gefe iya son ranka, amma gidan uwa kada ka taɓa min."

"Wa ya ce zan taɓa? Aro na zo yi. Su riƙe min wata biyar ko shida, kafin su ƙare nawa sun kawo ƙarfi."

"Kuma ka raba su da naka, ka san ba sa ga maciji."

"Ke auta, ranar da na fara yanka igiya ke a baya ake goyonki. Riƙe tsani."

Wannan kam kowa a nan ya sani. Tururuwar uwa biyu ba ta haɗuwa. A idonmu duk ɗaya suke, amma su da sansana suke gane juna, kuma in suka haɗu sai ɓangare ɗaya ya ƙare.

Gida goma sha shida ya yanko. Ya zuba su a jirgin ƙanwar, ya shigo ta ɗan rafin bayan lambu, ya rataye su a layi shida na gabas. Igiya uku ne ke ƙetare magudanar tsakiya, su ne suka haɗa gabas da yamma. Ya sa wuƙa ya yanke su, ya sare rassan da ke neman taɓa juna, ya bar guntayen suna reto da niyyar ya kwance su in ya dawo, don rana ta yi sanyi gwiwa kuma ta ƙi. Da ya shiga gida ya ce rigarsa ta fita ya zo ɗauka da nonon ayaba na kaiwa gaban hoton mamaci. Lua ta ajiye masa shinkafa da kifi a tukunyar ƙasa, ta juya masa baya tana tsinkar ganye. Ya buɗe baki zai ce kada a taɓa igiyar tsakiya, ya tuna abin da ta ce, sai ya sa loma a bakin. Washegari ya mai da jirgi, zai yi kwana biyu sai an watse.

A wannan makon ana biki a tsallaken rafi, kuma a wurinmu in ana biki matan unguwa duk can suke yini a gindin murhu. Lua na can tana fige kaji, hanji ya taru a kwano ana shirin watsa wa agwagi, sai zuciyarta ta karye. Ta tuna abin da ta faɗa a kan mahaifin Khiem, mutumin da ya riƙe ta kamar 'yarsa. Da aka aike ta gida ta yanko ganyen ayaba na naɗe waina, sai ta ɗauki kwanon ta ɓoye a kwando. Ba za ta iya buɗe baki ta ba mijinta haƙuri ba, ba ta saba ba. Amma in ya dawo ya ga an ciyar da tururuwarsa, zai gane.

Ta shiga lambun da ta yi kwana goma ba ta taka ba. Tana isa magudanar tsakiya ta hango ja yana motsi a tsallake, ga gidaje a rassa. Ta dafa ƙirji don murna, ta ce ashe sun farfaɗo har sun koma gabas. Sai kuma ta ga igiya uku na reto, yankan wuƙa. Ta ja tsaki, ta ce wannan aikin ɓarayin ƙwan tururuwa ne masu kai wa 'yan kiwon tsuntsu, sun raba bayin Allahn nan da uwarsu. Ta naɗe wando ta shiga ruwa har ƙugu, ta ɗaure ta ɗaya, ta ɗaure ta biyu, ta ɗaure ta uku, ɗauri mai kyau wanda iska ba ta kwancewa. A tsakiyar kowace igiya ta rataye hanji, don na gabas da na yamma duk su samu. Ta kwashi ganyenta ta koma gidan biki tana 'yar waƙa.

Kwana biyu cif igiyoyin nan suna ɗaure.

Ranar da Khiem ya dawo, da rana tsaka, a mashiga suka haɗu, ita ma dawowarta ke nan da ragowar nama a kwano. Ta karɓi jakarsa, abin da ta jima ba ta yi ba.

"Tsoho, ni ban ce komai ba. Amma in ka huta ka leƙa magudanar tsakiya."

Ya dube ta. Sannan ya ɗaga hanci, don iska ta kawo wani wari mai tsami kamar an fasa tulun tsimi. Ya saki takalmansa a nan ya fara gudu, gudun da ba a ga ya yi ba tun yana da ƙuruciya.

Igiyoyin sun yi kauri kamar damtsen mutum. Tururuwa dunƙule dunƙule, kowace ta cije wata, suna gangarowa suna faɗawa ruwa, kifi na cafkewa. Saman magudanar ya yi ja daga wannan baki zuwa wancan. Ya faɗa ciki da rigarsa ta fita, ya yi ta sara da wuƙa, suna hawa masa hannu da wuya da fuska bai ko kaɗe ba. Amma yankan ya makara. Na aron sun fi yawa, ga yunwa ga zafin an raba su da gida, tuni suka ƙetare suka bi layin yamma ɗaya bayan ɗaya. Ya fito ya nufi mangwaro. Babban gidan da ke can sama a yage yake, ganye na lilo. A jikin kututture ya same su suna saukowa da uwar, babba mai ɗan kore, an ja ƙafafunta ta kowane gefe an miƙar da ita. Ya sa yatsa ya kore su ya ɗora ta a tafin hannu. Ya hura mata iska. Ba ta motsa ba.

Lua ta iso tana haki.

"Me ya same su? Me ya sa suke cin junansu?"

"Na gabas ba namu ba ne. Na auta ne."

Ta dubi igiyoyin, ta dubi hannunta. Sai ta zauna daɓas a cikin laka da kayan bikinta.

"Ba ka faɗa min ba."

"Kin ce kada ki ji."

Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar, a ranar da bayanta. Bai taɓa ɗora mata laifi a gaban kowa ba, ita ma ba ta ɗora masa ba, kuma da sun yi faɗa sun zagi juna ina jin da ya fi musu sauƙi.

Tururuwar aron da suka ci yaƙi ba su da uwa. Suka yi gadin lambun iya kwanansu, suna raguwa, kafin damina ta ɗauke babu ko ɗaya. Ut Mien ta sake ba shi wasu, har da gidan uwa a wannan karon, tana kuka tana cewa ya ɗauka. Amma baƙin kiyashi ya riga ya mamaye kowane kututture, ga feshi na shigowa ta gefe uku. Sababbin ba su yi mako biyu ba. Ganye ya fara rawaya daga layin gabas, jijiya kore sauran fari, lemo na fitowa a karkace, ƙanana, ba ruwa.

Wata safiya Quoi ya ƙetaro da tankinsa na da, ya ajiye a ƙofar gida.

"Chin, ba tsiya na zo yi maka ba. Ka fesa, ko rabi ne ka ceta."

Muna zaton zai kore shi. Sai ya sunkuya ya saɓa tankin a baya, ya ce a nuna masa inda ake matsawa. Quoi ya nuna masa, ya juya da sauri ya tafi, ya ce ba zai iya kallo ba. Khiem ya bi layi goma sha biyun nan kaf, a lambun da tun zamanin tsohonsa bai san warin magani ba. Bai hana komai ba. Ciwon in ya shiga jikin bishiya ba a fitar da shi.

Da rani ya sa hannu a takardar masu haya. Motar tono ta shigo a kan jirgin ƙarfe, yini biyu ta yi ta gama da lemo da mangwaro da magudanun duka, aka baje aka ja sababbin layuka. Goggo Lua yanzu rabin shekara a wurin 'yarta take yi, wai tana taya ta renon jika. In ta dawo tana dafa masa abinci, suna gaisawa kamar baƙi masu mutunci. Shi kuma yana zuwa rumfar gindin gada har yanzu, sai dai Quoi ya daina tsokanarsa, kullum sai "Yaya gwiwa?" da "Ka ci abinci?", kuma mai rumfa ta ce ranar da aka fara yi masa wannan ladabin ne ta ga ya tsufa.

Ya sayi tsohon keke. Bayan kofi sai ya hau ya bi hanyar bakin kogi a hankali, kansa a sama, yana leƙen bishiyoyin mutane. Watan jiya ya samu abin da yake nema a harabar wani ƙaramin haikali, nesa da lambuna, a wata bishiyar da ba wanda ya damu da ita. Gida bakwai, da uwarsu, suna ta ɗinkin ganye. Ya jingine keke ya zauna a ƙasa tun hantsi har inuwa ta juya. Tsohon mai kula da haikalin ya fito da tsintsiya, ya gan shi, ya tambaye shi ko lafiya. Khiem ya ce lafiya lau, kallo yake yi.

"Ai sun ishe mu da cizo, Kawu. In kana so ka kawo buhu ka kwashe su duka, ka taimake mu."

Khiem ya ɗaga kai ya dubi gidajen.

"In kai su ina?" ya ce.

Mai tsintsiya bai gane ba, ya ci gaba da shararsa. Shi kuma ya ƙara zama kaɗan, sannan ya dafa kututturen ya miƙe, ya tura kekensa zuwa hanya.